Ƙofofin Rauta: Yadda Waya Guda Take Zama Hanyoyi Da Yawa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna jarrabawar shiga jami'a tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, ya san yadda ɗakin jarrabawar yake: kwamfutoci jere reras, kowace da waya a bayanta, wayoyin kuma sun bi jikin bango sun nufi wani lungu. Kaɗan ne daga cikin ɗalibai suke bin wayoyin nan da ido don su ga inda suka ƙare. Da za su bi, da sun tarar da wasu 'yan akwatunan ƙarfe masu ƙananan fitilu suna ta ƙyaftawa. A makarantu da ofisoshi da bankuna, ɗaya daga cikin irin waɗannan akwatuna ita ce ake kira rauta, wato na'urar raba hanya, wadda take haɗa kwamfutocin wuri da sauran duniya.

Mutane da yawa sun ɗauka rauta akwati ce da ake jona wa wuta kawai sai intanet ta zo. Amma rauta irin ta manyan cibiyoyi, idan aka fito da ita daga kwali, ƙofofinta ba su da adireshi, sau da yawa ma a rufe suke. Aikin injiniyan sadarwa ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya gaya wa kowace ƙofa unguwar da take kallo da irin abin da za ta bari ya wuce. Abin da ya fi ba da sha'awa kuma shi ne, yana iya ƙirƙirar ƙofofin da ba su da rami ko ɗaya a jikin akwatin, su kuma yi aiki kamar na zahiri. A wannan maƙala za mu duba yadda ake yin haka, domin a kan irin waɗannan ƙofofi ne sirrin tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai yake rataye a makarantun da suka rungumi kwamfuta.

Asalin Rauta A Taƙaice

A ranar 29 ga Oktoba, 1969, aka aika saƙo na farko a hanyar sadarwar ARPANET ta ƙasar Amurka, daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles zuwa Cibiyar Bincike ta Stanford. Kwamfutocin biyu ba su yi magana da juna kai tsaye ba. Kowace tana da wata na'ura a gefenta mai girman firij, wadda kamfanin BBN ya haɗa, aikinta shi ne karɓar saƙo da miƙa shi gaba. Waɗannan na'urori su ne kakannin rautar yau.

A shekarar 1974, Vinton Cerf da Robert Kahn suka wallafa tsarin da zai haɗa hanyoyin sadarwa mabambanta su zama kamar hanya ɗaya, ta amfani da na'urorin da ke tsaye a tsakaninsu. Daga wannan tsari ne ƙa'idojin TCP/IP suka fito, waɗanda ARPANET ta koma kansu ranar 1 ga Janairu, 1983. A farkon shekarun 1980 kuma, William Yeager ya rubuta manhajar wata rauta a Jami'ar Stanford, sa'an nan a 1984 wasu ma'aikatan jami'ar biyu, Leonard Bosack da Sandy Lerner, suka kafa kamfanin Cisco. Misalan umarnin da za mu kawo nan gaba na rautocin wannan kamfani ne, saboda su aka fi koyarwa da su, amma dabarar iri ɗaya ce a rautocin sauran kamfanoni.

Fakiti, Adireshi Da Unguwa

Kwamfuta ba ta aika saƙo dunƙule guda. Takan yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana kiranta fakiti, wanda a wayar sadarwa ta yau da kullum ba ya wuce bayit 1,500. A goshin kowane fakiti akwai adireshin mai aikawa da na wanda aka aika wa. Adireshin da aka fi sabawa da shi, na tsarin IPv4 da aka kafa a 1981, lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, alal misali 192.168.10.25.

Wannan adireshi kashi biyu ne, kamar yadda adireshin wasiƙa yake da sunan unguwa da lambar gida. Abin da ke nuna inda sunan unguwa ya tsaya shi ne wata lamba ta biyu da ake rubutawa tare da shi, wadda za mu kira ma'aunin iyaka. Idan ma'aunin ya kasance 255.255.255.0, ma'anarsa ita ce lambobi uku na farko su ne sunan unguwa, ta ƙarshe kuwa lambar gida ce. Irin wannan unguwa tana da lambobi 256, amma ana cire biyu: 0 sunan unguwar ce kanta, 255 kuma ta shela ce, wato saƙon da ake so kowa a unguwar ya ji. Saura gidaje 254 ke nan.

A cikin unguwa ɗaya, kwamfutoci ba su buƙatar rauta kafin su yi magana da juna. Wata na'ura mai ramuka da yawa da ake kira suwici, wato mahaɗar wayoyi, ita ke haɗa su, kuma duk shelar da aka yi tana isa ga kowa. Amma idan kwamfuta ta duba adireshin da za ta aika wa ta ga na wata unguwa ne, sai ta miƙa fakitin ga ƙofar fita, wadda ita ce ƙofar rauta. Rauta takan wuce da fakiti daga unguwa zuwa unguwa, amma ba ta wucewa da shela.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe da kyau, domin shi ne tushen duk abin da zai biyo baya: ƙofa ake ba adireshi, ba akwatin rautar ba. Rauta mai ƙofofi uku adireshi uku gare ta, kowane a unguwa dabam. Ta yi kama da gidan da ke kan iyakar unguwanni, wanda ƙofarsa ta gabas take buɗewa cikin wannan unguwa, ta yamma kuma cikin waccan, mutanen kowane ɓangare suna ɗaukarsa maƙwabcinsu.

Saita Ƙofar Zahiri

Ƙofar zahiri ita ce ramin da ake gani a jikin rauta, inda ake cusa kan waya. Kowace tana da suna da ke nuna irinta da matsayinta, kamar GigabitEthernet0/0, wato ƙofa ta farko mai gudun bit miliyan dubu a daƙiƙa guda. Tun da sabuwar rauta ba ta da adireshin da za a same ta da shi, injiniya yakan haɗa kwamfutarsa da ita ta wani rami na musamman da aka tanada don ba da umarni, sa'an nan ya yi abubuwa huɗu.

Da farko yakan kira sunan ƙofar da zai yi aiki a kanta. Na biyu, ya ba ta adireshi da ma'aunin iyaka, a ce 192.168.10.1 da 255.255.255.0. A al'adance, gida na farko a unguwa shi ake bai wa rauta, don kowa ya san inda ƙofar fita take. Na uku, ya rubuta ɗan bayani a kan ƙofar, kamar "zuwa ofishin malamai", domin wanda zai gaje shi a aikin. Na huɗu, ya buɗe ta da umarnin no shutdown, wato kada a rufe. Ɗalibai masu koyon wannan aiki sukan manta da mataki na huɗu, su yi ta jijjiga waya alhali ƙofa ce ba a buɗe ba.

Da zarar ƙofa ta buɗe, kuma akwai na'ura a ɗaya ƙarshen wayar, sai rauta ta rubuta wannan unguwa a cikin jadawalin hanyoyinta da kanta. Wannan jadawali shi ne littafin da take dubawa duk lokacin da fakiti ya iso: unguwa kaza, a bi ƙofa kaza. Ga dukkan unguwannin duniya da ba ta sani ba kuwa, ana rubuta mata layi guda da ke cewa duk abin da ba ki gane ba, miƙa shi ga ƙofar kamfanin da ke ba mu intanet.

Akwai kuma mataki na ƙarshe wanda ya shafe mu ƙwarai a ƙasashen da wutar lantarki take yawan ɗaukewa. Duk umarnin da aka rubuta yana zaune ne a ma'ajiyar wucin gadi, wadda takan goge idan wuta ta ɗauke. Sai an kwafe shi zuwa ma'ajiyar dindindin kafin rauta ta tuna da shi idan ta sake tashi. Wanda ya yi aikin yini guda bai adana ba, ɗaukewar wuta ta minti ɗaya ta isa ta mayar da shi farko.

Ƙirƙirarrun Ƙofofi

Bari mu ɗauki misalin wata makarantar sakandare mai rukunin kwamfutoci uku: na ofishin malamai, inda ake shirya tambayoyi da tattara maki, da na ɗakin jarrabawa tare da uwar garkensa, wato babbar kwamfutar da ke ajiye tambayoyin, sai kuma na ɗakin karatu inda ɗalibai suke bincike. Idan duk aka zuba su a unguwa ɗaya, ɗalibi mai ɗan wayo da ke zaune a ɗakin karatu zai iya lalubo kwamfutar malami, kuma ƙwayar cutar kwamfuta da ta shigo ta wata na'urar ajiya za ta zagaye makarantar baki ɗaya. Dole ke nan a raba su unguwa uku.

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce a sayi suwici uku, a ja wayoyi uku zuwa rauta, kowace ta shiga ƙofarta. Sai dai ƙaramar rauta ƙofofi biyu ko uku kawai gare ta, ɗaya kuma ta riga ta tafi ga kamfanin intanet. Ga tsadar kayan, ga kuma wahalar fasa bango duk lokacin da aka mayar da wani malami wani ofis.

Maganin wannan matsala ya samu karɓuwa a shekarar 1998, lokacin da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'ida mai lamba 802.1Q. Dabarar ta yi kama da abin da ake yi a tashar mota. Babbar mota guda takan ɗauki buhunan 'yan kasuwa goma daga Dawanau zuwa Legas, ba a kuma rikita su, domin kowane buhu an rubuta masa shaidar mai shi. Haka nan wannan ƙa'ida ta ce a liƙa wa kowane fakiti wata 'yar shaida mai bayit 4, a cikinta a ware bit 12 don rubuta lambar unguwarsa. Bit 12 suna ba da lambobi 4,096, an keɓe ta farko da ta ƙarshe, saura 4,094 da za a iya amfani da su. Kowace lamba ƙirƙirarriyar unguwa ce, wadda injiniyoyi suke kira VLAN.

A makarantarmu, sai a ba malamai lamba 10, ɗakin jarrabawa 20, ɗakin karatu 30. A jikin suwici guda mai ramuka 24, a ce ramuka shida na farko na unguwa ta 10 ne, goma sha biyu na gaba na 20, biyar na 30. Rami na ƙarshe kuwa a mayar da shi gwadabe, wato hanyar da fakitocin dukkan unguwanni za su bi da shaidarsu, a ja waya guda daga nan zuwa rauta. Daga wannan lokaci suwicin ya zama kamar suwici uku, domin shelar da aka yi a unguwa ta 30 ba za ta kai ramukan unguwa ta 10 ba.

Saura ɓangaren rauta. Waya ɗaya ce ta iso, rami ɗaya ta shiga, amma mun ce kowace unguwa tana buƙatar ƙofarta mai adireshinta. A nan ne ake ƙirƙirar ƙananan ƙofofi a ƙarƙashin ƙofar zahiri. Ga yadda ake rubuta ta malamai:

interface GigabitEthernet0/0.10
encapsulation dot1Q 10
ip address 192.168.10.1 255.255.255.0

Layi na farko ya ƙirƙiri ƙofar, ta hanyar sa ɗigo da lamba a bayan sunan uwarta. Na biyu ya ce duk fakitin da ya zo da shaida mai lamba 10 nata ne. Na uku ya ba ta adireshi. Sai a maimaita haka ga 20 da 30, da adireshi 192.168.20.1 da 192.168.30.1. Idan aka duba jadawalin hanyoyi za a ga unguwanni uku, kowace da ƙofarta, alhali a bayan akwatin waya guda ce rak. Injiniyoyi suna yi wa wannan tsari laƙabi da rauta mai hannu ɗaya.

Yanzu mu bi fakiti guda mu gani. Malami ya aika tambayoyi zuwa uwar garken jarrabawa. Fakitin ya shiga suwici ta rami na 3, suwici ya liƙa masa shaida ta 10, ya tura shi ta gwadabe. Rauta ta ga lambar, ta miƙa shi ga ƙirƙirarriyar ƙofa ta 10, ta cire shaidar, ta karanta adireshin da za shi, ta ga na unguwa ta 20 ne. Sai ta liƙa masa sabuwar shaida mai lamba 20, ta mayar da shi ta wayar nan da ya zo. Suwici ya cire shaidar ya miƙa wa uwar garke. Kwamfutocin biyu ba su ma san an yi wata shaida ba.

Sai dai fa a kula: ɗabi'ar rauta ita ce haɗawa. Idan aka tsaya a nan, fakitin ɗalibi daga unguwa ta 30 zai bi wannan hanya ya isa ofishin malamai ba tare da wani ya tare shi ba. Saboda haka dole a rataya wa kowace ƙofa jerin dokokin shiga da fita. A ƙofa ta 30 a rubuta cewa an hana zuwa unguwa ta 10, an hana zuwa ta 20, an yarda da sauran. Rauta tana karanta dokokin nan daga sama zuwa ƙasa, ta farko da ta dace da fakiti ita take zartarwa, shi ya sa jerantawarsu take da muhimmanci. A rautocin Cisco kuma, duk abin da ba a ambata ba a jerin, hana shi ake yi. Wani abin lura shi ne unguwannin uku suna raba ƙarfin waya ɗaya ne, kuma idan wannan waya ta tsinke, dukkan ƙirƙirarrun ƙofofin sun rufe tare.

Darasi Daga Ƙwayar Halitta

Ɗaliban ilimin halittu za su ga cewa wannan dabara ba baƙuwa ba ce a gare su. Ƙwayar halittar jikin ɗan Adam tana da ɗakuna a cikinta, kowane kewaye da tantaninsa. Akwai wata 'yar jaka da ake kira laisosom, wadda Christian de Duve ya gano a shekarun 1950, cike take da sinadaran narkar da tarkace. An killace su a wuri guda ne domin aikinsu ya tsaya kan abin da aka kawo musu, kada ya shafi sauran sassan ƙwayar.

To, ta yaya furotin da aka ƙera a wani sashe yake sanin ɗakin da za shi? A shekarun 1970, Günter Blobel na Jami'ar Rockefeller ya nuna cewa furotin yana ɗauke da wata shaida a jikinsa wadda ke nuna inda za a kai shi, sau da yawa kuma ana yanke ta idan ya tsallake tantanin. Wannan bincike ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1999. Akwai ma wata cuta ta gado da ba kasafai ake samunta ba, inda ƙwayar halitta take kasa liƙa wa sinadaran laisosom shaidarsu, sai a fitar da su waje maimakon a kai su jakar, tarkace kuma ya taru a ciki ya yi wa yaro mummunar illa. Irin wannan ne yake faruwa idan injiniya ya rubuta 12 a suwici, ya rubuta 21 a rauta: waya lafiya, fitila tana ci, amma fakiti ba ya isa inda aka aike shi.

Wasu Ƙofofin Da Ba Su Da Waya

Akwai ƙirƙirarriyar ƙofar da ba ta rataye da kowace waya, ana kiranta ƙofar koma-gida. Tun da ba ta da wayar da za ta tsinke, ba ta rufewa muddin rauta tana aiki. Saboda haka a manyan cibiyoyi adireshinta ne yake zama kamar sunan yanka na rautar, wanda za a same ta da shi ta kowace hanyar da ta rage a buɗe. Kowace kwamfuta ma tana da irin wannan ƙofa mai adireshi 127.0.0.1, wadda take magana da kanta ta cikinta.

Akwai kuma ƙofar rami. Idan jami'a tana da harabobi biyu a garuruwa biyu, sai a ƙirƙiri ƙofa a rautar kowace haraba. Fakitin da ya shiga wannan ƙofa ana naɗe shi cikin wani fakitin, galibi a kulle shi da rubutun sirri, ya ratsa intanet, a kwance shi a ɗaya gefen. Ga kwamfutocin harabobin biyu, kamar an ja waya ce daga wannan gari zuwa wancan.

Tagogi Masu Lamba

Adireshi yana kai fakiti ga kwamfuta, amma kwamfuta guda tana gudanar da ayyuka da yawa a lokaci ɗaya. Don haka fakiti yana ɗauke da wata lambar kuma, daga 0 zuwa 65,535, mai nuna aikin da aka nufa da shi. Za mu kira waɗannan tagogi don mu bambanta su da ƙofofi. Taga ta 80 da ta 443 na shafukan intanet ne, ta 25 ta wasiƙun imel ce, ta 53 ta neman adireshi daga suna, ta 22 kuma ta ba na'ura umarni daga nesa cikin sirri.

Tagogin nan sun taimaka wajen magance wata babbar matsala. Adireshin IPv4 gaba ɗaya 4,294,967,296 ne, bai kai yawan mutanen duniya ba. A ranar 3 ga Fabrairu, 2011, hukumar IANA ta raba ragowar da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC ta Afirka mai hedkwata a Morishus. Sabon tsarin IPv6 mai bit 128 yana ta yaɗuwa, amma har yanzu ana amfani da tsohon sosai. Dalili kuwa shi ne tun a 1996 aka keɓe wasu adireshi don amfanin cikin gida, kamar duk waɗanda suka fara da 192.168 ko da 10, kowace makaranta tana iya amfani da su. Idan fakiti zai fita, rauta takan cire adireshin cikin gida ta sa nata na waje, ta ba shi lambar taga, ta rubuta a littafinta. Idan amsa ta dawo ta wannan taga, ta san mai ita. Ta haka kwamfutoci ɗari suke fita da adireshi guda.

Wanda ke waje kuwa ba ya iya fara magana da na ciki, sai idan an buɗe masa taga da gangan. Idan makaranta tana son iyaye su duba sakamakon 'ya'yansu daga gida, sai a gaya wa rauta cewa duk abin da ya zo taga ta 443 a miƙa shi ga uwar garke kaza. Wannan ita kaɗai ya kamata a buɗe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A shekarar 2016, wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa zagaya intanet tana ƙwanƙwasa taga ta 23, wadda tsohuwar hanya ce ta ba da umarni daga nesa, tana gwada kalmomin sirri kimanin 60 irin waɗanda na'urori suke zuwa da su daga masana'anta. Da haka ta mallake dubban ɗaruruwan kyamarori da rautocin gida, aka yi amfani da su ranar 21 ga Oktoba na wannan shekara wajen kai wa kamfanin Dyn hari, abin da ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix na sa'o'i.

Ƙaramin Kuskure, Babbar Ɓarna

Kuskuren saita rauta ba ya tsayawa kan masu koyo. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, rautocin kamfanin MainOne na Legas suka sanar da duniya bisa kuskure cewa hanyar zuwa wasu adireshin Google ta wajensu take. Fiye da sa'a guda fakitocin mutane suna karkata ta Rasha da Sin, kamfanin kuma ya bayyana cewa kuskuren saiti ne aka yi lokacin inganta na'urorinsa. Ranar 4 ga Oktoba, 2021 kuma, wani umarni da aka bayar lokacin gyara ya katse hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin Facebook, sai Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kimanin sa'o'i shida a duniya baki ɗaya.

Shi ya sa injiniyan kirki ba ya tashi daga aiki sai ya gwada. Mafi sauƙin abin gwaji ita ce 'yar manhajar ping, wadda Mike Muuss ya rubuta a 1983. Takan aika ɗan fakiti ta jira amsa, kamar yadda jemage yake sakin ƙara ya saurari dawowarta don ya san abin da ke gabansa. A makarantarmu gwaji biyu za a yi. Daga ofishin malamai a kira uwar garke, ya kamata ta amsa. Daga ɗakin karatu a kira ta, ya kamata a ji shiru. Idan ta amsa wa ɗakin karatu, to aiki bai ƙare ba.

Kammalawa

Shugabannin makarantu da malamai ba sai sun zama injiniyoyi ba kafin su tsare amanar da ke cikin kwamfutocinsu. Ya isa su yi wa wanda ya haɗa musu na'urori 'yan tambayoyi: shin kwamfutocin ɗalibai da na ofis unguwa ɗaya suke? Waɗanne tagogi ne a buɗe ta waje? An canza kalmar sirrin da rauta ta zo da ita? An adana saitin, an kuma ajiye kwafinsa a rubuce? Rigakafi dai ya fi magani.

Ɗalibai kuwa masu sha'awar wannan fanni, rashin kuɗin sayen rauta ba zai hana su koyo ba. Akwai manhajojin kwaikwayo kamar Packet Tracer da GNS3, waɗanda ake samu kyauta, inda mutum zai jera rauta da suwici a fuskar kwamfuta, ya ja musu wayoyi, ya rubuta umarnin da muka kawo a sama. Muna ba ƙungiyoyin kimiyya na makarantu shawara su gwada gina makarantar nan mai unguwa uku, su rubuta dokokinta, sa'an nan su raba kansu gida biyu, wasu su tsare, wasu su nemi hanyar shiga. Gani ya kori ji. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.